Filin Makanikai: Tayar Rairayi Daban, Tayar Dusar Ƙanƙara Daban

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk a kan taya suke, shi ya sa muka haɗa su wuri guda. Makanikai da direbobin daji na nan Damagaram ne suka amsa. Duk inda muka ambaci iska, da ma'aunin bar muke magana, wanda masu faci ke kira kilo. Bar 1 daidai yake da PSI 14.5 ga mai ma'auni irin na Najeriya.

Assalamu alaikum. Ni ɗan unguwar Zango ne, aiki ya kai ni Kebek a Kanada. Na sayi wata 'yar buɗaɗɗiyar mota ta hawan tudun rairayi, irin wadda ake ginawa a kan shasin Volkswagen Beetle, injinta a baya. Tayoyin baya faffaɗa ne, 31x10.50R15, na gaba sirara. Ina so in riƙa shiga daji da ita lokacin dusar ƙanƙara. Wasu sun ce in ƙara faɗin taya, wasu sun ce in rage. A gida mun san rairayi faɗi yake so. Haka ita ma dusar?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa a dawo gida lafiya. A mafi yawan hanyoyin da za ka bi, masu cewa ka rage faɗi su ke da gaskiya.

Rairayi ba shi da gindi. In taya ta tona shi, wani rairayin za ta tarar a ƙasa, don haka dabara ita ce motar ta yi yawo a samansa. Dusar da ke kan hanya kuwa tana da abu mai tauri a ƙarƙashinta, ko daskararriyar ƙasa ko tsohuwar dusa da motoci suka danne. Muddin zurfinta bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, abin da kake nema taya ce da za ta keta ta sauka ta kama wannan taurin. Motarka kuma ba ta da nauyi, irinta ba kasafai take wuce kilo 600 zuwa 700 ba. Ka raba wannan ɗan nauyi a kan taya mai faɗin santimita 27, sai ya zamana babu abin da ke danna ta ƙasa. Za ta yi ta juyawa a banza, baya yana wutsil-wutsil hagu da dama.

Abu na biyu shi ne roba. Robar tayar bazara da ta laka tana sandarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Ta hunturu an haɗa ta ne don ta zauna da laushi ko a tsakiyar daskarewa, kuma kowane haƙorinta an tsattsaga shi da ƙananan tsagu masu yawa, waɗanda ke buɗewa su ciji ƙanƙara. Ka duba gefen tayar: sai ka ga hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusa a cikinsa. Wannan alama tana nufin an gwada ta a kan dusa ta ci gwajin. Haruffan M+S kaɗai ba su isa ba, domin kamfani ne ke buga su bisa siffar zanen, ba tare da wani gwaji ba. Dokar Kebek ma ta wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris ga motocin da aka yi wa rajista a can, to in motar za ta taɓa titi, zaɓin ba naka ba ne.

Ga abin da za mu sa da a hannunmu take. A baya, tayar hunturu mai faɗin milimita 195 zuwa 205, misali 205/70R15. A gaba, mai faɗin 165 zuwa 175. Duka huɗu na hunturu, kada ka sa biyu ka bar biyu. Wannan yana nufin sayen janti na dabam, wato ƙarfen da ake sa tayar a kai, domin jantin bayan irin waɗannan motoci yakan kai faɗin inci 8 ko 10, taya mai 205 kuwa inci 5.5 zuwa 7 take so. In ka miƙe siririyar taya a kan faffaɗan janti, bakinta zai iya suɓucewa a kwana. Kafin ka saya, ƙirga ramukan noti: tsofaffin Beetle biyar ne a kan da'ira mai faɗin milimita 205, na baya-bayan nan huɗu ne a kan 130.

Akwai abin da za ka rasa. Tsayin tayarka ta yanzu kusan santimita 78 ne, na 205/70R15 kuwa kusan 67, wato cikin motar zai sauko da kamar santimita 5 da rabi. Cikin Beetle shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne, idan dusa ta yi zurfi sai ya hau kanta ya ɗage tayoyin sama, daga nan ko wace irin taya ka sa ba za ta fisshe ka ba. In hanyoyinka suna da zurfi, tsaka-tsakin shi ne 215/75R15, mai tsayin kusan santimita 70, amma lalle mai alamar dutsen nan. Ka guji wadda aka rubuta wa LT. Ta motocin ɗaukar kaya ce, gefenta ya yi wa motarka tauri, ba za ta lanƙwasa ta kwanta a ƙasa ba.

Wurin da masu cewa a ƙara faɗi ke da gaskiya shi ne sabuwar dusa mai laushi da ta kai gwiwa, wadda ba a iya kai wa gindinta. Can dokar rairayi ta dawo: faɗi da ƙarancin iska. Sai dai mota mai ja da ƙafafun baya kaɗai ba ta wannan wurin ba ce, kuma ba mu ba ka shawarar gwadawa kai kaɗai cikin sanyin da ke kisa ba.

Tayar nan mai fukafukai kamar cokula da ake sa wa a tudun rairayi, ajiye ta sai bazara. Tsakanin cokulan sumul take, ba ta da riƙo ta gefe ko kaɗan, kuma daskararriyar ƙasa tana yage cokulan.

Matsalar da za ta fi ba ka tsoro ba tashi ba ce, juyawa ce. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a baya yake, gaba fayau. Za ka murɗa sitiyari motar ta ci gaba da tafiya sak. Ka ɗaure buhun yashi mai kilo 30 zuwa 40 a kan ƙafafun gaba, ɗauri na gaske da ba zai motsa ba, ka kuma bar tanki cike in a gaba yake. Rage gudu tun kafin kwana, kada ka taka birki a cikinta, domin tayoyin gaba ne ke fara kullewa, kuma taya da ta kulle ba ta juya mota. Kada kuma ka saki totur farat ɗaya a tsakiyar kwana, nauyin injin zai jawo baya ya wuce gaba. A wurin santsi tashi da giya ta biyu, a hankali.

Iska: fara da 1.2 a gaba, 1.6 a baya, ka auna a waje bayan motar ta huce a cikin sanyin. Tayar da aka hura a gareji mai digiri 15, in ta fita waje mai digiri 15 ƙasa da sifili, za ta rasa 0.2 zuwa 0.3. Ka riƙe sarƙa guda biyu ta tayoyin baya, ka koyi ɗaura ta a gida da rana, ka tabbata ba ta taɓa tiyon birki ko shakazoba. Bayan mita 100 tsaya ka ƙara tamke ta, kuma kada ka wuce kilomita 50 a awa da ita. Ka kuma tambaya kafin ka shiga kowace hanyar daji, da yawansu a hunturu an keɓe su ga masu baburan dusa.

Ni ɗan tasi ne a cikin gari. Na sayi tayoyi 'yan gwanjo, zanensu da zurfi, kuɗinsu da sauƙi, amma ba su jima ba suka cinye, motar kuma tana lilo a kwana. A gefensu akwai hoton dutse. Cuta aka yi mini?

Malam, tayoyin hunturun Turai aka sayar maka, irin waɗanda muka yaba a amsar da ta gabata. A can alheri ne, a kwaltar Damagaram asara ce.

Dalilin da ya sa suka cika kasuwa: doka a Turai ta yarda a yi amfani da taya har zanenta ya sauko milimita 1.6, amma ta hunturu riƙonta a dusa yana raguwa sosai in zanenta ya gaza milimita 4, har Ostiriya ta mai da wannan doka. Sai masu mota su cire su da sauran zane mai kyaun gani, a tara a loda a jirgi. Mai saye a nan yana duba zurfin zane ya ga ya yi dace.

Robar da aka yi don ta yi laushi a cikin daskarewa, ka ɗora ta a kan kwalta a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin inuwa ma ya haura digiri 40, sai ta yi laushi fiye da kima. Haƙoran da aka tsattsaga suna lanƙwashewa, shi ne lilon da kake ji. Lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana ƙara cin robar. Mafi muni, tazarar da motar ke buƙata kafin ta tsaya in ka taka birki tana ƙaruwa, a gari mai cike da 'yan kabu-kabu da yara.

Gane su ba wuya. Hoton dutse da ƙwayar dusa, tsagu ƙanana masu zigizaga a kan kowane haƙori, da robar da farce ke shiga cikin sauƙi. Wasu ma za ka ga ƙananan ramuka a jere inda aka cire ƙusoshin ƙarfe. Akwai tayoyin daji da na kowane yanayi masu ɗauke da hoton dutsen nan kuma suna jure zafi, don haka hoton kaɗai ba hukunci ba ne, yawan tsagun da laushin robar su ne shaida. Waɗanda ke kan motarka yanzu, in ba halin canzawa, kada ka bar iskarsu ta gaza abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka rage gudu, kuma kada ka ɗauki lodin Mirya ko Magarya da su da tsakar rana.

Ina tuƙa Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya tsakanin Gure da Tasker, da kaya da mutane. Maigidana yana so ya sayi tayoyi masu manyan haƙora don a daina kafewa. Ni ina ganin ba nan matsalar take ba. Ku raba mana gardama.

Direba, ka gaya wa Alhaji cikin ladabi cewa kuɗinsa zai sayo ƙarin kafewa. Taya mai manyan haƙora, wadda ake rubuta wa MT, ta laka ce. Aikinta ta tona ta watsar. A rairayi tonon nan shi ne kabarin mota: juyi biyu uku ta binne kanta har aksul. Wadda ta dace da hanyarku ita ce AT, mai matsakaicin zane da kafaɗa mai zagaye. Ita ce ke iya rairayi, ta iya jan burji, ta iya kwaltar Gure zuwa Damagaram.

A girma, tsayi ya fi faɗi muhimmanci. 7.50R16 da 235/85R16 duk kusan santimita 80 ne, gefensu dogo, kusan santimita 20. Dogon gefen nan shi ne dukiyar, domin in ka rage iska sawun tayar tsawo yake ƙarawa gaba da baya, faɗin kaɗan ne ke ƙaruwa. Haka tafin raƙumi ke bajewa in ya taka. Faffaɗar taya mai gajeren gefe ba ta da inda za ta baje, kuma tana tura tulin rairayi a gabanta wanda injin zai yi ta fama da shi. Ka duba lambar nauyi da ke bayan lambar girma: 120 tana nufin kilo 1,400 a kan taya guda, 116 kilo 1,250, 112 kilo 1,120. Ga motar da ake lafta wa kaya kamar taku, kada a sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta. Nan LT ita ce daidai, domin gefenta mai kauri ne ke tsayawa gaban ƙayar aduwa da kututturen da rairayi ya rufe.

Amma maganin kafewa na gaskiya iska ce, kuma kyauta take. A kwalta da cikakken kaya, bi lambar jikin ƙofa. Da ka shiga rairayi, sauke gaba zuwa 1.5, baya zuwa 1.8 ko 2.0 gwargwadon lodi. In tudu ne mai laushi, gaba 1.2, baya 1.5. In ta riga ta kafe, kana iya sauka har 1.0, ko 0.8 in mota ba kaya, don fita kawai, sannan ka mayar. Ƙasa da haka bakin taya na iya barin janti. Da ma'auni ake wannan, ba da ido ko bugun ƙafa ba, kuma ma'aunin ya zama mai nuna 0.1.

Sharaɗin ƙarancin iska shi ne ƙarancin gudu. A 1.5 kada ka wuce kilomita 50 a awa, a 1.0 kada ka wuce 20 zuwa 25. Gefen taya yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, yana ɗaukar zafi, zafin yana raba roba da wayoyin ciki. Ɓarnar ba ta nunawa nan take. Sai bayan kwanaki, a kan kwalta da gudu, tayar ta tarwatse, a ce ƙaddara. Saboda haka kwamfuresa ba kayan ado ba ne: da ka fito daga rairayi zuwa burji ko duwatsu, tsaya ka hura. Duwatsu irin na wajen Tarmit suna yanka gefen da ya kumbura waje.

In jantinku irin mai zobe ne da tub a ciki, a ƙara kula. Da ƙarancin iska tayar takan zame a kan janti ta ja tub har bawul ya tsinke, alamar farko ita ce ka ga bawul ya karkace. Rairayin da ya shiga tsakanin tub da taya yana goge shi har ya huda, don haka a share ciki tas a barbaɗa hoda kafin a haɗa. Lokacin hura irin wannan janti, zoben ya fuskanci ƙasa ko bango, kowa ya kauce. Zoben da bai zauna daidai ba yana tashi da ƙarfin da ke kashe mutum.

Sauran na hannunka ne. Kulle ƙafafun gaba ka sa kat-kat, wato giyar ja da ƙafa huɗu, tun kafin rairayin, ba bayan ka kafe ba. Rairayin asuba ya fi na azahar tauri, a tsara tafiya a kan haka. Hau tudu sak, sauko sak, kada ka ratsa shi a karkace. In za ka tsaya, saki totur ta tsaya da kanta, birki yana tara rairayi gaban taya. Da ka ji ta daina gaba, ɗaga ƙafa nan take, ka gwada komawa baya a kan sawunka. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, in ba haka ba akwatin kat-kat ne zai biya. A mota a samu safaya biyu, shebur, faifan ƙarfe na shimfiɗawa, da katako mai kauri na ɗora jak.

Motata ba ta cika fita ba, tayoyinta kamar sababbi, amma makanike ya ce in canza. Ba neman kuɗi yake ba? Daga wata uwa a Sabon Gari.

Hajiya, ki sa a duba miki gefen tayar inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wani lokaci a gefen ciki suke, sai an leƙa. Manyan kamfanonin taya suna cewa a riƙa duba ta kowace shekara in ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma komai kyaun zanenta. A ranarmu da zafinmu, mu daga shekara shida muke fara zarginta. Roba tana bushewa ko ba a taka ta ba, motar da ke tsaye a rana ma tayarta ta fi saurin tsagewa. In kin ga ƙananan tsagu a gefe ko a cikin kwarin zanen, ko wani ƙullutu, makaniken ya yi miki gaskiya. A duba safaya ita ma.

In na yi doguwar tafiya zuwa Agadas, nakan tsaya a Tanut in ga iskar ta hau, sai in rage don kada taya ta fashe. Daidai ne?

Ba daidai ba ne, Malam, ka daina. Hauhawar 0.2 zuwa 0.4 bayan gudu a cikin zafi abu ne da aka riga aka lissafa wajen ƙera tayar. In ka rage tana da zafi, ka mai da ta mai ƙarancin iska, za ta ƙara lanƙwasa, ta ƙara zafi, abin da kake gudu ya same ka. Auna da safe kafin ka tashi, ka bar ta haka. In ka ga guda ɗaya ta fi sauran zafi ko hauhawa, wannan ita ce abin bincike: ko tana sacewa, ko lodi ya karkata kanta, ko birkin ƙafar yana kamawa.

Taya marar tub ta bar janti a daji. Na ga ana zuba fetur a ciki a ƙyasta ashana ta koma. In yi?

A'a, ƙanena. Ba mai iya auna ƙarfin fashewar, tana tsinka wayar bakin taya, tana ƙona fuska da hannu, tururin da ya rage a ciki kuma yana jiran mai facin da zai zo da wuta daga baya.

Ɗaga motar, cire ƙafar, ka wanke rairayin da ke bakin taya da na janti, domin ƙwaya kaɗan ta isa ta sa iska ta riƙa zurarewa. Shafa ruwan sabulu a bakin duka biyu. Zagaya tsakiyar zanen da igiyar ɗaure kaya mai tamkewa ka matse, wannan zai tura bakunan waje su taɓa janti. Cire ƙwayar cikin bawul don iska ta shiga da yawa, ka hura. Da ta fara riƙe iska, sassauta igiyar, ka janye yatsunka daga bakin janti. Za ka ji ƙara sau biyu, kowane gefe ɗaya. In ta kai 2.8 bakin bai zauna ba, kada ka ƙara, saki iskar ka sake shafa sabulu ka fara daga farko. Bayan ta zauna, mayar da ƙwayar bawul, hura zuwa iskar tafiya, ka zuba ruwan sabulu kewaye da bakin ka duba ko akwai kumfa.